Ku da ke ƙasar waje, wa kuke kai wa kwanon Kirsimeti?

Mama Badawa
Lahadi, 8 ga Disamba, 2024

Salama gare ku duka, manya da yara. Ni ba mai yawan rubutu ba ce a zauren nan, nakan karanta ne in wuce. Amma tun da muka taso daga sujada yau wata magana ta tokare mini ƙirji, na ce bari in tambayi waɗanda suka riga mu sanin hanya.

'Yar farina tana Ingila tun watan Yuni. Aikin kula da tsofaffi ta samu a wani ƙaramin gari kusa da Leeds. Tafiyarta ta zo ne bayan dokar da suka kafa a watan Maris na bana, wadda ta hana masu irin aikin nan ɗaukar iyali, shi ya sa mijinta yana nan Kano, yaronsu mai shekara 5 kuma yana hannuna. Jiya da daddare ta kira. Muna cikin hira sai ta ce an kafe jadawalin aiki, ita aka sa ranar 25, daga bakwai na safe har bakwai na dare, kuma wai ranar ko motar haya ba ta fitowa. Sai na ji muryarta ta fara rawa. Ta ce, "Mama, to ko na dafa, wa zan kai wa?" Na nemi amsa na rasa. Na ba ta haƙuri, na yi mata addu'a, muka yi sallama, amma yadda na ga rana haka na ga dare.

Sai kun san yadda muke yi a gidan nan za ku gane abin da take nufi. Mu mutanen Sumaila ne, ta wajen Gani, Hausawa gaba da baya, kuma a cikin bangaskiyar Almasihu iyayenmu suka haife mu. Shekararmu 27 a Badawa. Tun watan Oktoba muke fara shiri: mu mata mu zuba adashi, maza su haɗa kuɗin watanda, in lokaci ya matso a tura mutum biyu kasuwar Wudil ranar Juma'a su zaɓo sa. Ranar jajibere ake kayar da shi. Maigidana, har ya koma ga Ubangiji, bai taɓa yarda wani ya sa wa dabbarmu wuƙa ba sai Malam na bakin layi. Yakan ce ba ya so maƙwabci ya karɓi abincinmu da hannu, zuciyarsa kuwa tana ɗar-ɗar. Har yau a kan haka nake, ko da kaza ce.

Kayan miya daga 'Yankaba, shinkafa da mai daga Singa, ankon Zumuntar Mata daga Kwari. Saura kwana uku a soya cincin a cika bokiti. Daren 24 yara su yi mana wasan haihuwar Yesu a majami'a: makiyaya da sandunan kara, mala'ika ya yafa farin zanen gado, 'yar tsana a cikin kwali ita ce jariri a komin dabbobi. A karanta Luka sura 2 da Hausa, mu kuma mu miƙe da tulu da caki mu yi ta waƙa har murya ta dushe, ga hazo, ga sanyin hunturu yana ratsa zani. Duk wannan da daɗi, amma a wurina ainihin bikin da asuba yake.

Ƙarfe uku nake hura wuta a tsakar gida. Kafin gari ya waye dafa-duka ta nuna, nama ya soyu, an tace zoɓo. Kafin mu tafi sujadar ƙarfe tara, kwano 14 sun fita daga gidan nan. Na farko na Hajiya ne, wadda katanga ɗaya ta raba mu. Sai na Malam da almajiransa, shi a babbar roba ake zubawa. Sai mai shago, sai Buzu mai gadi, sai Iya Bayarabiya mai ɗinki, har kan tsohon da ke wankin hula a kan kwana, wanda ba shi da kowa a garin nan. Tun yarinyar nan tana shekara shida ita ce 'yar aike. Har yanzu ina hango ta: sabon kitso ya ɗaure mata goshi, ƙafa ta sha man kaɗanya saboda kaushi, takalmin ya ɗan yi mata yawa don da gangan muke saye da girma, ta rungumo samira mai jan fure da hannu biyu tana takawa a hankali kada murfi ya zame. Kwanon Hajiya bai taɓa dawowa wayam ba. Wata shekara dabino, wata shekara turaren wuta, ga tukuicin 'yar aike an ƙulle mata a bakin ɗankwali. In sallah ta zo kuma sai hanyar ta juya: tuwon shinkafa da miyar taushe a ƙarama, cinyar rago a babba. A 2015 da Maulidi da Kirsimeti suka zo a jere, yaranta da nawa a bakin ƙofa suka yi ta karo, kowa da kwano a hannu.

Ba zan ce kullum zuma ake sha ba. Bayan harin bam da aka kai wa wata majami'a a Madalla ranar Kirsimetin 2011, da wanda ya same mu a Kano ranar 20 ga Janairun 2012, mun yi shekaru ana tare layin majami'a da durom, ana caje mu a ƙofa, ba a shiga da jaka. Akwai waɗanda suka kwashe kayansu suka bar garin, ban kuma ga laifinsu ba. Amma ko a waɗannan shekarun kwanon bai fasa fita ba. Abin da ya canja kawai, Hajiya takan sa babban ɗanta ya rako mini yarinyar har ƙofar gida.

Bana ga tsada, buhun shinkafa ya doshi naira 100,000. Mu huɗu muka raba buhu ɗaya, watandar sa ta koma ta akuya. Na zauna na yi lissafi, na ga gara in rage girman kwano da in soke sunan wani.

To wannan yarinyar ce ke tambayata wa za ta kai wa. Don Allah ku da ke can, yaya kuke yi da ranar nan? In ta ƙwanƙwasa ƙofar Baturiyar da ke kusa da ita da kwanon shinkafa, laifi ne a wurinsu, ko za a ɗauka wani abu take nema? Sannan akwai wani yaron ikilisiyarmu da ya zo ɗaurin aure, zai koma ranar 17, ya ce zai karɓar mini saƙo. Na yi niyyar kilishi da dambun nama. Me kuka ga ya fi dacewa in sa?

Ɗan Birget a Manchester
Lahadi, 8 ga Disamba

Mama, barka da hutawa, sannu da ƙoƙari. Da na zo kan samira mai jan fure sai da na ajiye wayar na yi shiru, don irinta ce a gidanmu a Birget, ni ma na yi wannan aiken.

Abin da ba ya jira tukuna: don Allah kada ki ba yaron nan kilishi ko dambu. Dokar Birtaniya ta hana matafiyi shigo da nama da duk abin da aka yi da madara daga ƙasashe irin tamu, busasshe ne ko dafaffe, har man shanu. In aka gani a filin jirgi ƙwacewa za a yi, shi ɗan aiken kuma zai iya shiga matsala. Busasshen kifi kuwa an yarda da shi har kilo 20. Ni abin da nake ɗaukowa duk zuwa shi ne kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, garin kunu, zoɓo da yaji. Ki ƙulle daddawar a leda uku, in ba haka ba har kayan sawarsa sai sun ɗauka. Nama ba abin damuwa ba ne, mahauta 'yan asalin Pakistan suna da yawa a Leeds da Bradford, akwai akuya akwai rago. Daddawa irin ta gida ce ba a samu.

Gaskiya ta faɗa miki game da mota. Ranar 25 jiragen ƙasa ba sa aiki, a Landan ma bas da jirgin ƙarƙashin ƙasa tsayawa suke, manyan kantuna kuma doka ce ta rufe su. Tasi akwai, amma kuɗin yakan ninka. Ta tambayi abokan aikinta tun yanzu wa ke da mota. Ta kuma duba takardar aikinta ta ga ko akwai ƙarin kuɗi na ranar, don doka ba ta wajabta ba, wani wurin ana bayarwa wani wurin babu.

Ni ma'aikacin jinya ne, wannan ne Kirsimetina na shida a nan. Na farkon ba na son tuna shi. Ba ni da aiki ranar, na yi wanka na sa sabuwar shaddar da na zo da ita, har da hula, na leƙa taga. Mama, titi kamar an yi shara. Kowane gida fitilu na walƙiya, kana hango mutane ta labule suna cin abinci, amma ba yaro ko ɗaya a waje, ba sallama, ba ƙarar nokawut, ba ƙamshin suya daga gidan kowa. Kafin huɗu na yamma duhu ya rufa. Na dafa shinkafar da za ta ishi mutum goma, don hannuna bai san awon mutum ɗaya ba, na zauna a gabanta na kasa ci. Su bikinsu na cikin gida ne, iyali su rufe ƙofa da talotalonsu da kyaututtuka a gindin bishiya. Ba ƙin mutane suke ba, haka suka tashi suka tarar.

Shi ya sa nake ganin aikin da aka ba ta alheri ne, ko da yake yanzu ba za ta gane ba. Tun shekara ta biyu ni da kaina nake roƙon a sa ni. A gidajen tsofaffi ranar ana girki na musamman, a sa musu hular takarda, ƙarfe uku a kunna talabijin su ji jawabin Sarki. Wasu 'ya'yansu za su zo. Wasu kuwa tun safe za su ce a ajiye musu kujera kusa da ƙofa, har dare ba wanda ya leƙo. Tsohon nan mai wankin hula da kika ambata, akwai irinsa da yawa a inda take. Ta zauna da su, ta riƙe musu hannu, in ta iya ta yi musu waƙa da Hausa. Da yawa daga waƙoƙin da muke yi a majami'a karinsu ɗaya da nasu, za ta ji suna bi da Turanci.

Abinci kuwa, kada ta ba tsofaffin sai da izinin shugabar wurin, kowa da abin da likita ya hana shi. Amma ɗakin hutun ma'aikata ba mai hana ta. Ta kai kula guda ta dafa-duka, ta sassauta attaruhu, ta rubuta abin da ke ciki a takarda ta manna. Wannan kada ta yi wasa da shi: akwai waɗanda ƙwayar gyaɗa ɗaya za ta iya kai su asibiti, yajinmu kuwa da ƙuli-ƙuli ake daka shi. Za ta tarar da 'yan Indiya, 'yan Filifin, 'yan Zimbabuwe, 'yan Gana, duk masu kewar gida irinta.

Maganar maƙwabta ba laifi ba ce, sai dai kowane gari da irin sallamarsa. Su kati suke jefa wa juna ta 'yar kafar wasiƙa da ke jikin ƙofa. Ta sayi kati, ta rubuta sunanta da lambar gidanta, ta jefa tun wannan makon. Wanda ya mayar mata, shi za ta kai wa cincin a gwangwani mai kyau ranar 24. Haka na fara da wani dattijo da ke ƙasana, yau shekara huɗu shi ke tuna mini tun Nuwamba.

Namu bikin mun ɗage shi zuwa 26. Mu 'yan Arewa da ke nan, na Jos, na Kafanchan, na Mubi, na Zuru, mukan kama zaure, kowa ya zo da tukunyarsa, masa, gwate, tuwon shinkafa. Mata su ɗaura zanen zumunta a kan rigar sanyi. Tulu ne ba mu da shi, bokitin roba ake bugawa. Daga Leeds zuwa nan awa guda ce da 'yan mintoci a mota. In ba ta da aiki ranar, matata za ta nemo mai ɗauko ta. Ki turo mini saƙo ta ciki.

Mai Atamfa, Kantin Kwari
Litinin, 9 ga Disamba

Mama, Allah ya ƙara girma. Ni Musulmi ne, ɗan Fagge, kuma ba shawarar Ingila na zo bayarwa ba, ban taɓa zuwa ba. Maganar 'yarki ce ta taɓa ni, don na ɗanɗana irinta.

Shekarun baya babbar sallah ta riske ni a Guangzhou ta ƙasar Sin, na je saro kaya, kwantena ta ƙi fita. Muka yi idi a masallacin da ake dangantawa da Sa'adu bin Abi Waƙƙas, cike da 'yan Mali da Gini da Nijar da mutanen ƙasar. Ana sallamewa muka fito titi, sai na ga gari bai ma san ana yi ba. Kasuwa a buɗe, kowa na sauri zuwa aikinsa, ba barka da sallah, ba ƙaurin babbaka. Na koma masauki na kira mahaifiyata, ina jin hayaniyar yara a bayanta ana fiɗa, ban san sanda hawaye ya zubo mini ba. Ba yunwa nake ji ba, kuɗi na aljihuna. Rashin wanda zan miƙa wa ne, daidai yadda ta faɗa.

Mu a Kwari ko ba mu duba kalanda ba mun san lokacinku ya zo. Tun Nuwamba shugabannin mata ke zuwa daga Kafanchan, Jos, Yola da nan cikin gari, su nuna atamfa ɗaya su ce turmi hamsin iri guda. Teloli a Fagge su kwana a kan keke kamar jajiberen sallah. Daga wajen 20 ga wata kuma Sabon Gari ta fara yin fayau, masu kayan gyaran mota su ja ƙofa su tafi gida. Bakanike mai lura tun kafin nan yake tara abin da zai buƙata zuwa tsakiyar Janairu. Wanda ya ce bikin nan bai shafi Bakano ba, bai zauna a kasuwa ba.

Game da abincin, kin san malamanmu sun yi magana a kai, wasu sun tsananta wasu sun sassauta, ni kuma ba malami ba ne. Abin da na tashi na gani a gidanmu zan faɗa. Muna da maƙwabta mutanen Zonkwa, mahaifina ke yanka musu. Abincinsu in ya shigo, mahaifiyata ta zuba mana, ta wanke kwanon ta sa wani abu a ciki ta mayar. Yakan ce mana haƙƙin maƙwabci yana nan ko addininku ba ɗaya ba. Abin da marigayi maigidanki ya riƙa yi na kiran Malam, sanin ya kamata ne, irinsa ke sa kwano ya shiga gida ba a yi ƙus-ƙus a kansa ba.

In za ki sa mata zani a saƙon, ki sa turmi biyu, ɗaya nata, ɗaya ta yi kyauta da shi. Ki zo layinmu ki ce Mama Badawa ce, zan ba ki a kuɗin sari.

Haifaffen Sabon Gari
Litinin, 9 ga Disamba

Mama, ina gaisuwa. Ni Ibo ne, a France Road aka haife ni, Hausa na fara ji kafin yarenmu ya zauna a bakina. Na yarda da abin da aka faɗa, amma akwai gefen da ba a taɓo ba, kuma ina tsoron shi ne zai fi cin 'yarki nan gaba.

A wurinmu Kirsimeti tafiya ce. Tun ina goye ake loda mu a doguwar mota a New Road da yamma, buhun wake da na albasa a ƙasa, mu kwana a hanya: Zariya, Kaduna, Abuja, Lokoja, in an yi sa'a gari ya waye mana kusa da Asaba. Daga nan sai gadar Onitsha, inda na taɓa shafe awa shida a wuri ɗaya ina hango ƙetare. Sabuwar gadar da aka fara buɗewa a Disamban 2022 ta rage wannan wahalar. Kuɗin mota kuwa a makon nan hawa yake, balle tun da aka cire tallafin mai a 2023. Abokaina Kanawa kan tambaye ni, dole ne sai kun tafi? Iyayenmu da suka ga rikicin 1966 da yaƙin basasar da ya biyo baya har 1970 sun dawo Kano da abu ɗaya a rai: duk abin da ka samu, ka kafa wani abu a garinku. Disamba ne lokacin da kowa ke komawa ya ga abin da ya kafa. A makon nan ake ɗaura aure, a buɗe sabon gida, a yi taron gari a tara kuɗin rijiya ko makaranta, dodanni su fito, a sasanta rigimar gona.

Duk wannan hidimar, wani ne ke ɗauke da ita a ka, kuma yawanci na waje ne. Yayata tana Houston a Amurka, ma'aikaciyar jinya. Daga 1 ga Disamba wayarta ba ta hutawa: kuɗin shinkafa, kuɗin akuya, ankon biki, gudummawar taron gari. Ana ta faɗin 'yan Najeriya na waje suna aiko da kusan dala biliyan 20 a shekara, ba a faɗin cewa wani kason daga irin aikin ranar 25 ɗin nan yake fitowa, na mutumin da ya yi awa 12 a tsaye. Shekarar da ta zo gida, tikiti kaɗai ya cinye ajiyar wata da watanni, kowa kuma ya zo gaisuwa yana sa rai. Da bashi ta koma. Hotunan shagalin Legas da bikin Kalaba da aka fara tun 2004, na masu hali ne. Waɗanda na sani a waje, ranar yawancinsu a bakin aiki suke.

Don haka Mama, in kina so ki yi mata gata, ki zame mata garkuwa bana. Duk wanda ya ce a karɓo masa wani abu a wajenta, ki ce ba ta kai ba tukuna. Wata shida kawai ta yi, ga haya, ga kuɗin ɗumama ɗaki, ƙila ga bashin tafiya. Ki gafarce ni in na shiga hurumin da ba nawa ba.

Mama Badawa
Lahadi, 15 ga Disamba

Na gode, na gode, Ubangiji ya saka wa kowa da alheri. Ban amsa da wuri ba don na so in yi abin tukuna, in zo muku da labari.

Ɗana na Sabon Gari, ba ka shiga hurumin kowa ba. Gaskiya ka faɗa, kuma ni ta fara sama. Ni da bakina na riga na ce da 'yata ta taimaka da kuɗin akuya, ta ce to, ban tsaya na tambayi yadda take ciki ba. Ranar Talata na kira ta na ce na janye. Ta yi ta musu, na ce umarni ne na ba ta. Dangi biyu da suka aiko a karɓar musu, na ce su zo su same ni.

Ɗana na Manchester, na cire kilishin, jikana da babansa sun samu rabo. A jakar akwai kuka, kuɓewa, zoɓo, busasshen kifi, garin kunun tsamiya, da yaji kashi biyu, ɗaya na sa an daka ba ƙuli na rubuta a jiki. 'Yata ta jefa kati a gida biyar ranar Laraba. Zuwa jiya biyu sun mayar. Ɗaya wata tsohuwa ce da ke zaune ita kaɗai a gidan da ke kallon nasu, har ta tsayar da ita a hanya ta ce ta koya mata yadda ake faɗin sunanta. Wata 'yar Zimbabuwe mai mota za ta biya ta ɗauke ta ranar 25. Ranar 26 ba ta da aiki, na tura mata lambar matarka.

Alhaji, na zo Kwari ranar Alhamis, cunkoso ya hana ni gane layin, na saya a wani wurin. Turmi biyu, yadda ka ce. Alherinka ya iso, zan sake zuwa.

Daddawar ba ni na saya ba. Na shiga wajen Hajiya ina ba ta labarin wayar nan, ban kai ƙarshe ba ta miƙe ta shige ɗaki, ta fito da ƙullin daddawa da turaren wuta. Ta ce in gaya wa 'yarta, haka take kiranta, wannan na cikin kwanon bana ne, ta bayar tun kafin kwanon ya zo. Sai ta ce, "Samirar nan fa, ki sa mata a jaka." Na ce to ke da me zan kawo miki naki? Ta ce ko a faranti ne ta karɓa. Na wanke ta, na naɗe ta a cikin atamfar kada fentin ya ɓare. Yaron ya auna jakar, kilo 9, ya ce ba damuwa.

Mun shirya da 'yata. Yanzu Kano tana gabansu da awa ɗaya, in ta tashi biyar nasu tana ɗora tukunya, mu nan shida ta yi, ina kwashewa. Za mu buɗe bidiyo, in jingina wayar a jikin turmi ta ga fitar kwanuka. Ɗanta ne zai kai na Hajiya bana. Na sayo masa 'yar ƙaramar kula mai murfi a kasuwar Sabon Gari, jiya muka gwada da ruwa a ciki, daga bakin murhu zuwa ƙofar Hajiya. Sau biyu ya zubar, na ukun ya kai.